Kwarin Mai Gidana a Kan Katako

Yayana ne ya kawo shi gidanmu. A lokacin ni bazawara ce, mijina na fari ya rasu bayan wani aikin hajji mai tsananin zafi, na koma gidan Yaya a unguwar Mansur a Makka ina dafa shinkafa da wake ina sayar wa masu ɗaukar ruwa da 'yan dako. Shi kuwa Yaya ya ƙetare teku ya tafi garin Musawwa neman aiki, a shekarun da Taliyan suke ta shimfiɗa hanyoyi a can. Da ya dawo sai ga shi da wani dogon mutum jajir, fatar hancinsa duk ta saɓule don rana, yana saɓe da akwatin kayan kafinta. Ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama, ya gaishe mu da Hausa, har da tambayar gajiya. Ludayin da ke hannuna sai da ya faɗi.

Yadda Yaya ya ba mu labari, mutumin aikin katako yake yi a wata gada, zazzaɓi ya kayar da shi, aiki ya yi gaba aka bar shi a tanti. Leburori Hausawa ne suka yi jinyarsa, suna ɗura masa kunu har ya miƙe. Da ya warke bai koma wajen nasa ba. Ya zauna cikinsu, ya koyi Hausa kafin ya koyi Larabci, ya musulunta a hannun wani malami da ke ja musu salla. Da suka tashi ƙetarowa ya biyo su cikin jirgin ruwa na katako, suka sauka Ƙunfuda, suka tako a ƙasa har Makka. Malamin nan da wasu dattawa suka tsaya masa gaban alƙali suka shaida musuluncinsa, aka bar shi ya zauna.

Ya samu aiki wajen wani mai yin rawashin, tagogin katakon nan masu ado da ake maƙala wa dogayen gidajen cikin gari. Bayan shekara ta zagayo Yaya ya kira ni ya ce mutumin nan yana so na. Na daɗe ban amsa ba. Ba don na ga wani aibu gare shi ba, ko sallar asuba ba ta wuce shi a jam'i. Abin da ke damuna shi ne mutum ne wanda babu kowa nasa, babu inda za a je a tambayi asalinsa. Daga baya dai na amsa, aka ɗaura, muka kama ɗaki biyu da ɗan tsakar gida a bayan gidan Yaya.

Abu guda ne yake ɓata masa rai, a ce masa Taliyan. Ko yara ne suka faɗa sai ya tsaya ya gyara musu.

"Ni ba Taliyan ba ne," in ji shi. "Ni mutumin kwari ne. Yarenmu Ladin."

Babu wanda ya taɓa jin sunan. Ni ma ban taɓa ji ba. Wata rana na ce masa, "Malam, kullum kwari, kwari. Wai yaya wurin nan yake ne?" Ya fara kwatantawa da hannu, Hausar ta ƙare masa. Washegari sai ya shigo da wani faffaɗan katako mai kauri, ragowar wata tsohuwar ƙofa da maigidansa ya ba shi. Kullum bayan la'asar sai ya zauna a tsakar gida da gizago da 'yan wuƙaƙensa na sassaƙa yana fafe shi, ni kuma ina gefe ina tsince wake. Sannu a hankali sai ga kwari ya fito a jikin katakon, dogo, mai rassa, da duwatsu a gefe da gefe.

"Sunansa Badiya," ya ce.

Na yi dariya. A Larabci badiya ai daji ne, inda makiyaya suke yawo da raƙuma. Na ce ashe ɗan ƙauyen Larabawa na aura ban sani ba. Ya ce sunan ne kawai ya zo ɗaya, can babu raƙumi ko ɗaya.

Da yatsa yake bi yana nuna mini. Kwarin ya miƙe ne daga kudu zuwa arewa. A kudu, can sama, akwai manyan duwatsu farare tsaye kamar ganuwa, in rana za ta faɗi sai su yi jawur na ɗan lokaci. Daga gindinsu ruwa yake fitowa, ƙoramu su haɗu su zama kogi, su kuma sunan da suke kiransa ma'anarsa babban ruwa. Kogin ya gangaro arewa ya kutsa ta wani matsatsi inda duwatsu suka kusa haɗe baki, daga nan ya fita ƙasar masu jin Jamusanci. Ya ce saboda matsatsin nan ne yarensu bai mutu ba, don a da shiga wurin wahala ne. Ta sama kuma akwai mashigai da ake haurawa a faɗa wasu kwaruruka masu yare irin nasu, kowa da yadda yake karya harshe, kamar Basakkwace da Bakano. In dusar ƙanƙara ta sauko mashigan nan rufewa suke, wata da watanni babu shiga babu fita.

Gidaje ba sa yin gari babba. 'Yan tsiraru ne a manne a jikin gangare, wajen da rana take bugawa, ƙasa dutse sama katako, suna tarayya a tanderu ɗaya da maɓuɓɓuga ɗaya. Sha'ir suke nomawa. Gurasa kuwa ba kullum ake gasawa ba, a gasa da yawa a shanya ta bushe ƙarau, sai an fasa an jiƙa a madara. Da bazara kowa ya hau sama yankan ciyawa don shanu, har can suke kwana.

Tarihin ma da yatsa ya ba ni shi. Ya ce yaren ragowar na tsoffin Rumawa ne da suka ci ƙasar tun kafin zuwan Manzo. Daga baya gonakin suka zama mallakar wani babban limamin Kirista da wasu mata masu zaman ibada da ba sa aure, manoma suna kai musu rabo. Sannan aka daɗe ƙarƙashin sarkin Ostiriya. Yana yaro babban yaƙi ya ɓarke, aka kwashi maza aka kai su yaƙar Rasha, ubansa bai dawo ba. Sai yaƙin ya zo har kan duwatsun da ke saman kwarin. Ya ce yana kwance yana jin ƙarar igwa, kuma akwai dutsen da sojoji suka haƙa rami ƙarƙashinsa suka tashi kansa gaba ɗaya. Da aka gama sai aka ce musu daga yau ku na Italiya ne. Makaranta ta koma wani yare, sunayen wurare suka canza.

"Jamusawa suna ce mana Taliyan, Taliyan suna ce mana Jamusawa," ya ce. "Mu kuwa ba mu da yawan da za mu yi gardama."

Ni a hanya aka haife ni, a ƙasar Wadai, iyayena suna tahowa Makka. Ban taɓa ganin ƙasar Hausa ba. Ba ni da wani wuri da zan iya zana wa mutum haka. Shi ya sa nake sauraro har na haddace.

Abu ɗaya ne bai kwanta mini ba. A tsakiyar kwarin, gefen kogi, ya bar wani ɗan tsini a tsaye, bai kai tsawon yatsa ba.

"Malam, wannan fa?"

"Hasumiyar cocin garinmu ce. Ba don ita na sa ba, Hajiya. A gindinta aka binne innata. In babu ita ba zan gane wurin ba."

Na duba, babu wata alama a kanta, tsini ne kawai. Amma raina bai so ba.

Sai yaƙi na biyu ya zo. Mu ba mu ga soja ba, yunwa muka gani. Jiragen alhazai suka ɗauke ƙafa, shinkafa ta yi wuya, na koma dafa dawa da duk abin da ya samu. Masu gidaje suka daina sa a yi musu tagogi, mai gidana ya koma gyaran kujeru da akwatuna a tsakar gida, mutane suna shigowa kawo aiki. Katakon nan kuwa yana jingine a bango, kowa ya shigo sai ya gani. Ana cikin haka aka ce jiragen saman Taliyan sun jefa bam a gabashin ƙasar, wajen rijiyoyin mai. Daga ranar na fara ganin canji.

Ba wanda ya faɗa mini magana kai tsaye. Sai dai in na isa wajen ɗibar ruwa hira ta tsaya. Wasu da suka saba cin abincina suka koma gaba. Wata rana wata tsohuwa ta riƙe mayafina ta ce, "'Yar nan, wai me mijinki yake zanawa a katako? An ce duwatsun Makka ne, har da hanyoyin shigowa."

Na dawo gida na tsaya gaban katakon ina kallonsa da idon wanda bai san labari ba. Kwari ne dogo, duwatsu dama da hauni, ga hanyoyi suna haurowa ta tsakaninsu, ga wani abu a tsaye a tsakiya. Wanda duk yake son ya ga Makka a ciki zai gan ta.

"Malam, don Allah ka ƙona shi," na ce. "Ko ka tura shi ƙarƙashin gado."

"In na ɓoye shi yau, gobe za a ce ga shi ya ɓoye. Kowa ya riga ya gani."

"To ka ƙona."

Ya ci gaba da goge ƙafar kujerar da ke hannunsa. A lokacin ina da ciki, ya fara nauyi. Abinci ya daina shiga mini. Duk sallamar da aka yi a ƙofa sai in leƙa in ga ko wane ne.

Da hantsi suka zo. Askarawa biyu ne tare da umda, wato mai unguwarmu, wani dattijo Bahaushe da aka haifa a Makka. Ba su yi tsawa ba, ba su taɓa kowa ba. Umda ya ce ana son ganinsa a gidan hukuma, shi da katakon. Mai gidana ya wanke hannu, ya sa farar rigarsa, ya ɗauki katakon da kansa ya ɗora a ka. A bakin ƙofa ya waiwayo ya ce, "Hajiya, kujerar nan ta mai gahawa ce, manne bai bushe ba, kada a zauna a kai." Suka fita. Unguwa kaf ta fito kallo.

Na ruga gidan Yaya ko takalmi babu. Ya bi su, bai dawo ba sai bayan azahar. Ya ce an shige da shi ciki, an ce a jira.

Jiran nan shi ne abin da har yau in na tuna nake jin ɗacinsa. Kowa ya zo da nasa labarin. Wannan ya ce an riga an wuce da shi Jidda, inda ake tsare da wasu Taliyan da suka gudo ta teku. Wancan ya ce ai maganar taswira ƙarama ce, babbar ita ce an gano bai musulunta da gaske ba, kuma kowa ya san hukuncin wanda ya shigo Harami da ƙarya. Malamin da ya musuluntar da shi ya rasu. Dattawan da suka shaide shi, ɗaya ya koma Sudan, ɗaya ya tsufa ba ya gane mutane. Ina tunanin in aka sa shi a jirgi aka mayar da shi, ni ina zan bi shi? Abin da ke cikina kuma ɗan wa za a kira shi?

Kullum da rana nakan zuba abinci a kwano in ɗaure da ƙyalle, Yaya ya raka ni har ƙofar gidan hukuma. Mai gadi ya karɓa ya shiga da shi, mu zauna a inuwar bango har a fito da kwanon. In ya fito wayam, na san yana nan, yana da rai, yana ci. Iyakar labarin da nake samu ke nan. Wata rana kwanon ya fito yadda na ɗaure shi, ko buɗewa ba a yi ba. Na tambayi mai gadin, ya ɗaga kafaɗa ya ce shi bai sani ba. Na zauna a ƙasa a wurin. Yaya yana ta cewa in yi haƙuri. Sai can wani mai shara ya fito, Yaya ya tare shi. Mai sharar ya ce jan mutumin nan? Yana nan, azumi yake, ya ce a mayar wa matarsa ta ci. Ranar Alhamis ce, ni ko lissafin ranaku ya ɓace mini.

Bayan wasu kwanaki umda ya aiko wai gobe da safe ana nemana. Yaya ya zo ya same ni da yamma, ya zauna a bakin ƙofa ya daɗe yana murza hularsa.

"Za su tambaye ki katakon nan," ya ce. "Duk abin da kika sani ki faɗa. Amma ɗan tsinin nan na tsakiya, ki ce dutse ne. Ko itace. Kada kalmar coci ta fito daga bakinki."

"Yaya, in shi ya riga ya faɗa musu fa?"

"In yana da hankali ba zai faɗa ba."

"In kuma ya faɗa, ni na ce dutse, ai sun kama mu da ƙarya. Sai su ce sauran ma ƙarya ne."

"In kuma bai faɗa ba, ke kika faɗa, kin kashe shi da bakinki."

Babu wanda ya fi wani gaskiya a cikinmu, kuma babu hanyar da za mu tambaye shi. Yaya ya tashi ya tafi yana cewa Allah ya zaɓa mana. Na yi ta juya maganar har gari ya waye ban tsayar da komai ba. A hanya ma, ina tafe bayan Yaya da umda, in na taka wannan ƙafa in ce dutse, in na taka waccan in ce coci.

Aka shigar da mu wani ɗaki mai tsawo. Hafsan da ke binciken ba tsoho ba ne, siriri ne mai ƙaramin gemu, da alama shi ma ya gaji. Katakon yana kan tebur a gabansa. Mai gidana ba ya wurin. Na tsaya daga gefe a lulluɓe, umda ya ce ga matar. Hafsan ya yi mini magana da Larabci a hankali.

"Ya Hajja, kin san wannan?"

Na ce na sani, a gabana aka sassaƙa shi.

"Wane wuri ne?"

"Garinsu ne. Badiya."

Ya ɗaga kai. "Wace badiyar? Ta wace ƙabila?"

Na ce ba irin tamu ba ce, sunan ne ya zo ɗaya, can bayan teku take, cikin duwatsun ƙasar Turawa. Ya ɗora bakin alƙalaminsa a wani wuri ya ce wannan fa? Na ce matsatsin da kogi yake fita ne. Ya ce ruwan ta ina yake gangarawa? Na ce daga nan sama, kudu, zuwa arewa. Ya nuna wata tsaga a tsakanin duwatsu, na ce mashigi ne, ana haurawa a sauka wani kwari mai yare irin nasu, amma da sanyi ƙanƙara tana toshe shi. Ya nuna wani dutse mai gutsurarren kai, na ce wannan sojoji ne suka tashe shi a yaƙin farko. Kowace amsa na bayar sai ya dubi wata takarda da ke gefensa, bai ce daidai ba, bai ce kuskure ba. Abin da ke cikina yana ta motsi.

Sai alƙalamin ya tsaya a kan tsinin.

"Wannan kuma?"

Na ji Yaya ya yi gyaran murya a bayana. Na buɗe baki, ban san abin da zai fito ba. Abin da ya zo mini kawai shi ne mutumin da na sani: wanda yake tsayawa a tsakiyar hanya ya gyara wa yara magana don kada su kira shi abin da ba shi ba. Irin wannan ba zai ce dutse ba.

"Hasumiyar cocinsu ce," na ce. "Uwarsa tana kwance a gindinta. Ya sa ta ne don ya gane inda kabarin yake. Ni ma na tambaye shi a kai."

Hafsan ya daɗe yana kallon tsinin.

"Yana salla?"

"Shi yake tashina da asuba."

"Kin taɓa ganin ya durƙusa wa wannan abu, ko ya yi masa magana?"

"Wallahi ban taɓa ba. A bango yake jingine, har kaji suna hawa."

Ya ce tayyib, wato to, mu tafi. Shi ke nan. Bai ce komai game da mai gidana ba.

Muna fita Yaya ya juyo kaina, idanunsa jawur. "Me na gaya miki? Me na gaya miki jiya?" Umda ne ya shiga tsakani ya ce a bari a isa gida. Na shiga ɗaki na kwanta, na tabbata na hallaka mijina. Washegari na kasa kai abinci, matar Yaya ce ta dafa, shi ya kai, ya dawo ya ajiye kwanon a ƙofata bai ce mini uffan ba. Na leƙa, wayam ne. Haka muka ƙara wasu kwanaki, ni da Yaya ba ma haɗa ido.

Ranar da aka sake shi ina zaune ina tankaɗe gari, sai na ji hayaniyar yara tana matsowa. Na ɗauka wani mugun labari ne ya iso. Sai ga shi ya shigo, umda a gaba, Yaya a baya. Ya rame, rigar ta yi daƙal-daƙal, hannunsa babu komai. Ya yi sallama kamar wanda ya dawo daga kasuwa. Na rufe fuska da mayafi na yi ta kuka.

Umda ne ya yi mana bayani. An sake shi bisa lamunin mutum uku, shi umda da Yaya da mai yin rawashin ɗin nan da ya yi wa aiki. Sharaɗi shi ne ba zai fita gari ba sai da sanin umda har yaƙi ya ƙare, kuma ba zai ƙara sassaƙa surar wata ƙasa ba. Katakon kuwa an riƙe.

Da mutane suka watse, na kawo masa ruwa ya yi wanka, ya ci abinci kaɗan. Yaya yana zaune bai tafi ba. Shi ya fara tambaya.

"Tsinin nan, me ka ce musu?"

"Abin da yake. Tun ranar farko suka tambaya."

Yaya ya sunkuyar da kai, sannan ya ce, "Allah ya tsare." Ya dube ni ya ce, "Ke kuma ki ci abinci, kin zama kamar kara." Daga nan muka shirya.

Mai gidana ya ce ba a doke shi ba. Tambaya ce dai ba ta ƙarewa, yau wannan gobe wancan, kowa ya sa shi ya maimaita daga farko. An kawo wani malami ya sa shi karatu, ya ja masa surorin da ya iya, ya tambaye shi farillan alwala. Sun kuma kawo wani tsoho da ya san duwatsun Makka ya duba katakon, ya ce shi bai ga dutsen Abu Ƙubais a ciki ba, bai ga komai da ya sani ba. Na tambaye shi wa ya kai ƙara. Ya ce bai sani ba, bai kuma tambaya ba. Har yau ban sani ba. Na zargi mutane da yawa a zuciyata, wasunsu sun zo barka har da kawo dabino.

Tsoron bai tafi da dawowarsa ba. Na haihu bayan wata biyu, mace, fara sol mai gashi kalar ƙasa, na daɗe ba na son fita da ita don kada a tuna. In ya yi jinkirin dawowa daga masallaci sai in tsaya a ƙofa. Shi ma ya canza. Ya daina tsayawa gyara wa yara magana, in an ce Taliyan sai ya wuce. Lokacin aikin hajji, da ya samu aikin kafa rumfuna a Arfa, sai da ya je ya nemi izinin umda, ni kuma ban samu natsuwa ba sai da na gan shi ya dawo da jakarsa.

Da yaƙi ya ƙare, alhazai suka dawo, aiki ya buɗe. Umda ya kira shi ya ce sharaɗin ya faɗi, yana iya zuwa inda yake so, har Jidda in yana son ya nemi jirgi ya je ya ga danginsa. Da mai gidana ya gaya mini sai na ce to yaushe za ka? Ya ce yana da ƙanwa a can, in tana da rai, amma in ya fita ba shi da tabbacin za a bar shi ya sake shigowa, ba zai gwada ba. Ya ɗauki akwatin kayansa ya tafi wajen aiki, don a ranar za su ɗora taga a wani sabon gida a unguwar Misfala.